Yadda na gyara injin jirgin ruwana da ya ƙi tashi

In na murɗa makulli, sai dai in ji "ƙas", injin dizal ɗin ko motsi ba ya yi. Na gwada batir da mita, volt 12.6, ƙalau yake. Sai na sa wani ya murɗa makulli, ni kuma na auna a jikin sitata, wato na'urar da ke tayar da inji: wutar ta faɗi ƙasa da 8, alhali a kan batir ba ta sauka sosai ba. Ashe a hanya take ɓacewa.

Matsalar baƙar wayar batir ce, wadda ke ɗaure a jikin inji. Daga waje sumul, amma da na fere robar, tagullar ta yi kore shar, danshi ya cinye ta. Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na sa sabon kai, na goge mazauninsa da samfefa, na ɗaure tam, na shafa giris. Bugu ɗaya ya tashi.