Kifa littafin, faɗa mini abin da kika karanta

Saura makonni shida 'yata ta biyu ta zauna jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare, na fito tsakar gida na same ta kan tabarma, fitilar caji a gefe, littafin kimiyya a buɗe, baki na ta motsi. Tun idar da sallar isha'i take wurin. Na tambaye ta abin da take karantawa, ta ce darasin yadda jini ke zagaya jiki. Na karɓi littafin na kifa a cinyata, na ce, "To, ɗakuna nawa ne a cikin zuciya, kuma mene ne aikin kowanne?" Ta ɗaga kai sama, ta dawo da shi ƙasa, can ta ce, "Umma, wallahi na sani, yana bakina." Sau huɗu ta karanta shafin nan a daren.

Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a Zariya, kuma wannan "yana bakina" na ji shi ya fi a ƙirga. Ba ƙarya yaran suke yi ba. Ido ne ya saba da rubutun, da sun gan shi sai su gane shi, sai su ɗauka sun iya. Amma gane abu in an gan shi daban, fito da shi daga ka daban, kuma na biyun ake nema a ɗakin jarrabawa. Duk abin da nake yi da yarana na gida da na aji a kan wannan na gina shi.

Kafin a fara bita, a fara duba littafin da kansa. Iyaye da yawa ba sa buɗe littafin da yaro ke kwafar darasi a ciki, alhali nan ɓarakar take. Akwai makon da ya yi zazzaɓi, akwai kwanakin bikin da aka tafi ƙauye, akwai ranar da aka share allo bai gama kwafa ba. Akwai kuma kuskuren kwafa. Na taɓa samun yaron da ya rubuta cewa a 1941 aka haɗe Kudu da Arewacin Nijeriya, ya haddace haka daram, alhali 1914 ce, lambobi biyu ne suka juye masa. A aro littafin ɗan ajinsu mai tsaftar rubutu, a ajiye littafin karatu na makaranta a gefe, a bi shafi-shafi a cike giɓi. Dare biyu ko uku sun isa. Daga nan yaro ya jera sunayen darussa a bangon littafin daga ciki, ya sa wa kowanne alama: na iya, na ɗan iya, ban iya ba. Da na ƙarshen za a fara. In aka bar yaro da kansa, wanda ya iya zai yi ta komawa, don shi ne mai daɗin karantawa.

Sai ainihin aikin. Yaro ya ɗauki ɗan kaɗan, rabin shafi ko shafi guda, ya karanta a natse sau ɗaya ko biyu. Ya kifa littafin. Ya faɗi abin da ya riƙe da baki, ko ya rubuta a farar takarda, in da zane ya zana. Sannan ya buɗe ya gwada, abin da ya manta ya rubuta shi da jan biro. Wannan jan rubutun shi ne karatun gobe. Da farko yara ba sa son hanyar nan, don tana da wahala, kuma tana tona abin da ba su iya ba. 'Yata ta yi kuka a dare na biyu da ta ga takardarta ta yi ja jawur. Na ce mata, "Gara ki ga jan biro a nan tsakar gida da ki gan shi a takardar sakamako."

Masana ma sun gwada abin. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe rubutun aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karantawa ne a gaba. Da aka sake gwadawa bayan mako guda, sai waɗanda aka karɓe wa rubutun suka wuce su. Jarrabawa kuwa ba bayan minti biyar take zuwa ba.

Akwai wani abu da na ƙara wanda ya shafi yaranmu musamman. Darussan da Turanci aka rubuta su, yaro kuma da Hausa yake tunani. Yana iya haddace jimla sukutum bai san abin da take nufi ba, da an ɗan juya tambayar sai ya tsaya cak. Don haka in ya kifa littafi, da Hausa nake sa shi ya fara yi mini bayani, kamar yana gaya wa ƙanensa. In ya iya cewa zuciya ɗakuna huɗu ne, biyu na sama suna karɓar jini, biyu na ƙasa suna tunkuɗa shi, ɓangaren dama ya aika huhu, na hagu ya aika sauran jiki, to ya gane. Sai mu koma mu ɗora kalmomin Turancin a kai, ya rubuta su har ya iya harafinsu.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce wannan ba nata ba ne. Kakar yarana ba ta taɓa shiga aji ba, amma babu wanda ya kai ta iya yi musu bita. Tana zaune tana tsinke zogale, yarinya na yi mata bayani, ita kuwa tambaya biyu kawai take yi: "To don me?" da "Daga nan sai yaya?" In yarinyar ta fara kame-kame sai ta ce, "A'a takwara, koma ki duba, ke ma ba ki gane ba." Ba ta san amsar ba, amma ta san muryar wanda ya sani.

Abu na gaba mun daɗe da saninsa a makarantar allo, sai muka manta da shi da muka zo boko. Almajiri ba ya wanke allo ya yi sallama da karatun baya, kullum yana tishi, yana komawa surorin da ya wuce. Masu hadda ma sun san sabon shafi ba ya zama sai da muraja'a. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a kan kansa ya wallafa a 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyon abu, daga baya take lafawa. Ma'ana darasin da aka bi yau a waiwaye shi gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan mako biyu. Kowace waiwaya minti biyar ce, littafi a kife.

Tsare wannan lissafin a ka yana da wuya, don haka muke amfani da gwangwanayen madara guda uku. Muna yanka kwalin shayi ko na sabulu ƙanana-ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, yaro ne zai rubuta da hannunsa daga littafinsa. Babban birnin jihar Taraba? Jalingo. Ƙananan hukumomi nawa ne a Nijeriya? 774. Wace shekara ƙasar ta zama jamhuriya? 1963. Duk katin yana farawa a gwangwani na ɗaya, wanda ake dubawa kullum. In yaro ya ci, katin ya koma na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku. Ya sake ci, ya koma na uku, na ranar Asabar. Wanda ya faɗi, ko daga ina yake, ya dawo na ɗaya. Wani ɗan jarida mai suna Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan tsari da akwatuna, mu dai gwangwani ya ishe mu.

A nan na yi kuskuren da nake so wasu su kauce masa. Wata rana na gaji, 'yata ta faɗi kati ɗaya sau uku a jere, na daka mata tsawa. Bayan kwana biyu ina gyaran ɗaki na ɗaga katifa na tarar da kati goma sha ɗaya a ƙasa, duk masu wuyar. Ɓoye su ta yi don kada na sake faɗa. Waɗannan ne kuwa suka fi buƙatar bita. Tun ranar na daina nuna ɓacin rai a kan amsar da ba daidai ba, bulala kuwa ba ta kusantar wurin.

Lissafi ba a karanta shi, yin sa ake yi. A rufe misalin da malam ya yi a allo da tafin hannu, yaro ya sake yi daga farko, sannan a canza masa lambobi.

Game da lokaci, rabin awa sai a tashi a sha ruwa a miƙe ƙafa, sannan a canza darasi. Zama biyu ko uku a rana sun wadatar da ɗan aji uku, ɗan firamare kuwa ko minti ashirin ya isa zama guda. A gidanmu bayan asuba ne ya fi albarka, kafin hayaniya ta tashi, tunda yamma ta Islamiyya ce. Iyaye kuma su taimaka a makonnin nan, a rage aike, a ɗauke wa yarinya wanke-wanken dare, a kashe talabijin. Ba na yarda da kwana karatu. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne abin da aka koya da rana yake zama a ƙwaƙwalwa. Yaron da aka ɗura wa shayi ya kai ƙarfe biyu, da safe sai ya zauna yana kallon takarda.

In ya rage mako biyu ko uku, a kawo tambayoyin shekarun baya. A fara tambayar makaranta wace jarrabawa za su yi, don hukumar NECO tana shirya tata ta aji uku, jihohi ma suna shirya tasu, tsarin ba lallai ya zo ɗaya ba. A ajiye agogo, a ba yaro daidai lokacin da aka rubuta a takardar, babu leƙe, babu "Umma taimaka mini". Duk tambayar da ya faɗi a nemo ta a littafinsa, a yi mata kati.

Daren jarrabawar farko ba mu buɗe sabon shafi ba. 'Yata ta juye gwangwani na ɗaya a tabarma, kati tara ne suka rage a ciki, ta bi su sau biyu. Na fiƙe mata fensir biyu, muka sa su a jaka tare da biro, rula da abin gogewa. Kakarta ta tofa mata addu'a, ƙarfe tara na kashe fitila.