Yadda Ake Karanta Littattafan Tarihin Jamhuriya ta Farko a Najeriya

Duk wanda yake son fahimtar zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Zik da Awolowo, abu na farko da ya kamata ya saba da shi shi ne duba shekarar da aka buga littafi kafin ya karanta ko da layi ɗaya. Najeriya ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, ta zama jamhuriya a 1963, sojoji kuma suka kifar da gwamnatin ranar 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sir Ahmadu Bello a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan, aka kuma tafi da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Legas. Wanda ya yi rubutu kafin wannan dare bai san abin da ke tafe ba, wanda ya yi bayansa kuwa da wuya ya kalli wani abu ba tare da inuwar daren ta rufe masa ido ba.

Ka fara da abin da shugabannin suka faɗa da bakinsu. Littafin Sardauna, My Life, ya fito a 1962, na Awolowo mai suna Awo kuma a 1960, kuma dukkansu biyu 'yan siyasa ne da ke tsakiyar fafatawa lokacin da suka rubuta, saboda haka kowa gwaninsa yake yabo, gwanin kuwa shi ne kansa. Hanyar da ta fi amfani ita ce ka zaɓi lamari guda ka bi shi a bakin kowane ɓangare. Ƙudurin da Anthony Enahoro ya gabatar a majalisa a 1953, na neman mulkin kai a 1956, ya dace da wannan aiki ƙwarai: wakilan Arewa sun ce sai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a Legas, daga baya kuma rikici ya ɓarke a Kano cikin watan Mayu na wannan shekara. Ka rubuta a takarda abin da kowa ya ambata, sannan ka kula da abin da kowa ya tsallake, domin sau da yawa a nan labarin yake.

Bayan haka sai ka koma ga tarihin rayuwa da wasu suka rubuta, kana tambayar kanka dangantakar marubucin da wanda yake ba da labarinsa. John Paden ya fitar da katafaren littafinsa a kan Sardauna a 1986, ya dogara sosai da hira da mutanen da suka yi aiki da shi. Trevor Clark, wanda ya rubuta tarihin Tafawa Ɓalewa a 1991, tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya san shi tun a ƙasar Bauchi, kuma ƙaunar da yake yi masa ba ta ɓuya ba. Alan Feinstein, Ba'amurken da ya rubuta tarihin Malam Aminu Kano, abokinsa ne. Wannan kusanci shi ya ba su labarin da baƙo ba zai samu ba, shi ne kuma ya sa ba za ka miƙa musu alƙalanci ba.

A ganina, babban kuskuren mai karatu ɗan Arewa shi ne ya tsaya a kan NPC, jam'iyyar Sardauna mai mulkin Arewa, kaɗai, alhali rabin labarin yana wurin NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950, da magoya bayanta da suka sha ɗauri a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e, irin su Hajiya Gambo Sawaba. Haka nan kada ka manta da Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC da tarzomar ƙasar Tibi ta 1960 da 1964. Littafin Richard Sklar na 1963 a kan jam'iyyun Najeriya yana da nauyin karatu, amma zai nuna maka yadda aka gina su da kuma inda kuɗinsu yake fitowa.

Littattafan juyin mulkin kuwa ka bar su zuwa ƙarshe. Adewale Ademoyega, wanda ya rubuta Why We Struck a 1981, ɗaya ne daga cikin hafsoshin da suka shirya abin, don haka ka karanta shi a matsayin mai kare kansa.

Kusan duk waɗannan da Turanci suke, amma muhawarar zamanin da Hausa aka yi ta a Arewa. Ka nemi waƙar Sa'adu Zungur ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da martanin da Mudi Sipikin ya mayar mata, sannan idan hali ya yi ka ziyarci Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, ko Gidan Mambayya a Kano, tsohon gidan Malam Aminu Kano, ka tambayi ma'aikata tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardun jam'iyyu. Ka tafi da littafin rubutu, ka riƙa sa kwanan wata da lambar shafi a gefen duk abin da ka kwafa.