Yadda ake ƙirƙiro tsuntsaye masu tashi garke-garke a labarin almara

Yawancin labaran almara da nake karantawa idan marubuci yazo kawo tsuntsu sai ya fara da kwalliya, gashin zinari, ido kamar garwashi, ga magana ga tofa wuta. To amma tsuntsun da yake rayuwa cikin dubban 'yan'uwansa ba ta nan ake fara gina shi ba, garken ne halittar, guda ɗaya a cikinsu ba wani abu bane. Akwai wani nau'i da na daɗe ina ginawa na sa musu suna bi-toka, da su zan riƙa bada misali.

Abu na farko ka tambayi kanka me ya haɗa su. Tsuntsu baya shiga taro haka kawai, ko dai yunwa ce ko tsoro ko sanyi. Idan suna da yawa idanu sunyi yawa, wasu na ci wasu na duban sama, kuma shaho idan ya faɗo cikin dubbai ruɗewa yake ya rasa wanda zai ɗauka. Dubi jan-baki, ana ƙiyasta yawansu ya kai biliyan 1.5, babu tsuntsun daji da ya kai su yawa a duniya, kuma abinda yake jan su daga wuri zuwa wuri shine 'ya'yan ciyawa da suke nuna bayan ruwan sama. Nawa bi-toka a ƙasar duwatsu masu aman wuta suke, ƙasa ce mai azabar sanyi da dare, duk dutsen da ya fashe iska mai zafi tana tado ƙwari sama sai su bi su ci. Wannan daga shirwa na samo shi, yadda take bin gobarar daji tana cafke fara. Idan baka amsa wannan tambayar ba dan Allah kar ka wuce gaba, duk sauran akanta zasu zauna.

Na biyu, yadda suke tashi, kuma anan ne nafi ganin kuskure. Sai kaga an rubuta wai sarkin tsuntsayen ya bada umarni suka juya. A garken ƙananan tsuntsaye babu shugaba. A 1986 wani masanin kwamfuta mai suna Craig Reynolds ya haɗa tsuntsayen bogi a kwamfuta ya ba kowanne doka uku kacal, kar ka matse na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kar kayi nisa dasu, shikenan sai gasu suna shawagi kamar na gaske ba tare da wani ya jagorance su ba. Sannan masu bincike suka ɗauki hotunan wasu ƙananan tsuntsaye da ake kira sitalin da suke taruwa da yamma a birnin Rum na Italiya, a sakamakon da suka fitar a 2008 suka nuna kowane tsuntsu guda shida ko bakwai na kusa dashi kawai yake lura dasu, ko suna manne dashi ko sun ɗan tazara. Kaga kenan idan na gefe ya hango shaho ya karkace, bakwai ɗinsa su karkace, kowannensu nasa bakwai ɗin su bi, juyin ya ratsa garken gaba ɗaya kamar igiyar ruwa kafin ka ƙifta ido. Wallahi wannan yafi sarki da umarni daɗin rubutawa, domin mai karatu zai ji kamar abu ɗaya ne mai rai yake numfashi a sama.

Idan kuma manyan tsuntsaye kake so irin su dinya masu doguwar tafiya, su jeruwa suke kamar kan kibiya, na baya yana hawa iskar da fiffiken na gaba ya tayar, na gaban idan ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Ka zaɓi ɗaya, kar ka haɗa su.

Na uku jiki, shi abinci ne yake tsara shi. Mai cin tsaba baki gajere mai kauri, mai kama ƙwari a iska baki faffaɗa da fukafukai dogaye masu tsini kamar na tsattsewa. Ka kula da nauyi, babban tuje yana kaiwa wajen kilo 18 kuma da ƙyar yake ɗagawa, sitalin kuwa bai wuce giram 80 ba ko kusa da haka. Bi-toka ƙanana nayi su, launin toka, ba kyau ko kaɗan idan ka kama ɗaya a hannu.

Yanzu sai sihirin. Ɗaya tak zaka basu, kuma ka tabbata sihirin baya aiki sai suna tare, in ba haka ba meye amfanin garken? Gashin bi-toka yana shan zafin dutse da rana ya riƙe, guda ɗaya zafinsa baya kai shi tsakar dare sai ya daskare ya faɗo, amma idan suka kai dubu suka dunƙule a iska zafin yana zagayawa tsakaninsu har su yi ja kamar garwashi, na waje yana kutsawa ciki na ciki yana fitowa, haka zasu kwana suna juyawa. Kuma ka sa masa farashi. Nawa idan yawansu ya wuce misali zafin yana ƙona na tsakiya, dole garken ya rabu biyu, kuma ranar rabuwar nan da yawa basa kwana da rai.

Daga nan ka basu abokin gaba da lokacin sheƙa da ƙyanƙyasa. Wannan bazai ɗauke ka lokaci ba, ka dai san wa yake cin su da watan da suke sauka ƙasa.

Inda zaka zauna sosai shine mutanen duniyar taka, domin garke mai miliyoyi baya wucewa ta kan gari ace ba abinda ya canza. Kashin tsuntsayen teku da ya taru a tsibiran Chincha na ƙasar Peru taki ne da ya zama babbar dukiyar ƙasar a ƙarni na 19, har Sifaniya ta mamaye tsibiran a 1864. A Amurka kuma akwai wata tattabarar daji da yawanta ya kai biliyoyi, idan suna wucewa rana dusashewa take, amma farauta da sare dazuzzuka suka ƙarar da ita, ta ƙarshe mai suna Martha ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914. Wannan labarin yana taɓa ni duk sanda na tuna, kuma shine ya bani ƙashin bayan nawa labarin, attajirai suna sa a kama bi-toka ana cusa gashinsu a riguna saboda ɗumi, basu san garke idan ya gaza dubu duka zai mutu a dare ɗaya ba. Makiyaya kuwa da su suke gane dutsen da zai fashe, inda suka nufa nan ake guje wa. Ka bari kowace al'umma ta kira su da nata sunan, makiyayan nawa 'yan-gargaɗi suke ce musu, mutanen birni kuma bi-toka.

Idan kazo rubuta fitowarsu ta farko kar ka hau sama ka bayyana mana su, ka tsaya a ƙasa kusa da wani mutum. Ya fara jin ƙara kamar ruwa na tahowa alhali babu hadari, dabbobinsa su ƙi tafiya, iska ta ɗumama a fuskarsa cikin daren sanyi, toka ta fara zubo masa a kafaɗa, sai a lokacin ya ɗaga kai yaga jan abu ya rufe taurari yana juyawa ya nufi dutsen da ƙauyensu yake a gindinsa.