Kafin ka raɗa wa jariri Ivan ko Pedro

'Yan uwa masu jiran haihuwa, ga 'yar shawara. Da yawa daga cikin sunayen nan na ƙasashen waje namu ne na Littafi Mai Tsarki, riga kawai suka canza. Yohanna shi ne John a Ingila, Jean a Faransa, Juan a Sifen, Ivan a Rasha. Bitrus kuwa shi ne Peter, Pierre, Pedro, ma'anarsa dutse.

Amma a yi hattara. Jean sunan maza ne a Faransa, a Ingila kuwa na mata ne. Haka Andrea, wato Andarawus: namiji a Italiya, mace a Amurka.

Ni dai gwajina ɗaya ne, bakin kaka. Lokacin da ƙanina ya so Giuseppe, muka kai wa Mama a Kaltungo. Sau uku tana gwadawa, ta ce, "Kai, wannan suna ne ko magani?" Da muka ce Yusufu ne na Italiya, ta ce to a bar mata Yusufunta.

In kun tsayar da suna, ku rubuta wa fasto shi a takarda kafin ranar suna. Yadda aka rubuta a takardar haihuwa, haka za a sa a NIN da rajistar makaranta, don gyaran harafi ɗaya sai ya kai mutum kotu rantsuwa.