Kurakuran da muke yi a ofis idan imel ɗin 'yan damfara ya shigo

Na ɗan jima ina kula da kwamfutoci a wajen aiki, kuma wallahi yawancin waɗanda na ga 'yan damfara sun kama ta imel ba jahilai ba ne, akwai akanta a ciki akwai sakatare har da darakta, kawai an ɗana musu tarko ne daidai lokacin da hankalinsu ya rabu biyu. Turawa na kiran abin fishin, wato kamun kifi, an maƙala abinci a ƙugiya ana jiran wanda zai haɗiya.

Abu na farko da nake yawan gani shi ne mutum ya ga sunan wanda ya turo saƙo sai hankalinsa ya kwanta. Toh ai suna kowa zai iya rubutawa, ni yanzu in na ga dama zan buɗe akawun na sa masa sunan shugaban ma'aikatarku, kuma a waya abin ya fi muni don sunan kaɗai take nuna maka, sai ka taɓa shi sannan ainihin adireshin zai fito. Ka duba abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi, suna haɗa r da n su yi kama da m, suna sa sifili a gurbin o, ko ka ga wai saƙon ofis ne amma ta Gmail ya fito. In ka danna wajen mayar da amsa ma ka sake dubawa, wani lokaci adireshin da amsar za ta tafi daban ne da wanda ka gani a sama. Amma fa ko adireshi ya yi daidai kar ka saki jiki gaba ɗaya, don ana sace akawun ɗin abokin aiki na gaske a riƙa aike da shi.

Wanda ya fi damuna shi ne kunyar manya. Mu an rene mu da cewa in babba ya ce ka yi abu ba ka tsayawa tambaya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma mutanen nan sun gano ta suna cin abinci da ita. Saƙo zai shigo da sunan oga, ina cikin miting kar ka kira ni, ka tura wa ɗan kwangila kaza kuɗinsa kafin ƙarfe 4 kuma maganar ta tsaya tsakaninmu, sai kashiya ya ji nauyi ya ce ta yaya zan kira Yallaɓai in ce ban yarda da saƙonsa ba, sai ya tura. Gaggawa da sirri da hana ka kira, duk inda ka ga ukun nan sun haɗu a saƙo ɗaya to ka ja birki. Gyaran kuwa ba wahala, ka ɗauki waya ka kira shi da lambar da ka riga ka sani, ba wadda aka rubuta a ƙasan imel ɗin ba, ka ce ranka ya daɗe na ga saƙonka ne nake so in tabbatar kafin in saki kuɗin, ko ka taka har ofishinsa in yana nan. Ni dai ban taɓa ganin shugaba mai hankali ya yi fushi da wannan tambayar ba. Haka in ɗan kwangila ya turo cewa ya canza lambar asusu, kar a biya ko kwabo sai an ji daga bakinsa ta tsohuwar lambarsa. Kar wani ya ce ai mu ofishinmu ya fi ƙarfin wannan, tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya ya yi rajistar kamfani da sunan Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa manyan kamfanoni kayan kwamfuta, ya dinga tura wa Google da Facebook takardun neman biya na bogi har ya kwashi sama da dala miliyan 100, sai a 2019 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5. Ba wai ya fasa musu kwamfuta ba ne fa, ma'aikatansu ne suka biya da hannunsu.

Akwai masu cewa su suna gane na bogi ta gurɓataccen Turanci. Da can gaskiya ne, yanzu kam manhajojin AI suna rubuta musu Turanci tsaf har da Hausa, da tambarin ma'aikata da komai. Haka ɗan makullin nan da ke jikin adireshin shafi, shi ma ba shaidar gaskiya ba ne, shafin ɓarayi ma yana samunsa kyauta.

Sai maganar danna linki. A ma'aikatun gwamnati da abin da ya shafi albashi suke zuwa, wai tantancewar IPPIS, tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya, za a rufe yau, wai sunayen waɗanda aka ƙara wa girma sun fito, ko akwatin imel ɗinka ya cika za a kulle shi, kana dannawa sai shafi ya buɗe sak irin na ofis ya ce ka sa faswod. A kwamfuta ka ɗora maus a kan linkin ba tare da ka danna ba za ka ga inda zai kai ka a ƙasa, a waya ka danne shi da yatsa ka riƙe, kuma in lambar QR ce aka liƙa a saƙon ita ma linki ce, an dai canza mata kaya ne. Abin da ya fi duka shi ne ka rufe saƙon ka buɗe shafin da kanka yadda ka saba. A watan Maris na 2016 an tura wa John Podesta, shugaban kamfen ɗin Hillary Clinton mai takarar shugabancin Amurka, saƙo kamar daga Google cewa wani ya yi ƙoƙarin shiga akawun ɗinsa ya canza faswod, mataimakansa sun ma yi abin da ya dace sun tambayi mai kula da kwamfutocinsu, shi kuma ya amsa cewa saƙon na gaske ne, daga baya ya ce kuskuren rubutu ya yi akasin haka yake nufi, aka danna linkin cikin saƙon, kafin zaɓe dubban wasiƙunsa suna yawo a intanet.

Fayil ɗin da aka maƙalo ma haka. A 2011 kamfanin RSA, masu yin token, 'yar na'urar nan mai fito da lambar sirri ta tsaro, saƙon da ya jawo musu bala'i ya riga ya faɗa kwandon spam, inda na'ura ke jefa saƙonnin da ba ta yarda da su ba, wani ma'aikaci ne ya zaro shi ya buɗe fayil ɗin Excel da aka ce tsarin ɗaukar ma'aikata ne. In na'ura ta jefa saƙo can ka bar shi can sai ka tambaya, kuma duk takardar da ta ce sai ka danna wani maɓalli ka ba ta izini kafin ta nuna abin da ke ciki, rufe ta.

Lambar OTP kuwa ba a ba kowa, ko ya ce daga sashen ICT na masu kula da kwamfutoci yake. In wayarka ta dinga tambayarka ka amince da shiga alhali ba kai ke shiga ba, to faswod ɗinka na hannun wani. Da haka aka shiga kwamfutocin kamfanin Uber na motocin haya a 2022, aka dami wani ɗan kwantiraginsu da saƙon neman amincewa har ya amince da ɗaya.

Wajen kai rahoto ma muna ta kwaɓa. Wani ya gane na bogi ne sai ya goge ya yi shiru, alhali an tura wa mutum 50 a ofis ɗin kuma ba duka za su gane ba. Wani ya mayar da zagi, ya tabbatar musu kenan akwai mai karanta akwatin. Wata kuma da kyakkyawar niyya ta tura wa kowa da kowa ko ta jefa a gurup ɗin WhatsApp na ofis da linkin a raye, sai wani ya danna don ya gani. Outlook da Gmail duk suna da wajen kai rahoton irin wannan saƙo, a Gmail yana cikin ɗigo ukun nan na gefen saƙon, in kuma 'yan ICT za ka tura wa ka maƙala saƙon gaba ɗayansa a matsayin fayil, hoton fuskar waya kaɗai ba ya nuna musu hanyar da ya biyo.

Amma wanda ya fi cin rai shi ne mutum ya danna ya kuma ɓoye. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta sa faswod ɗinta ranar Alhamis, ta gane tun a lokacin, tsoron faɗan oga da dariyar abokan aiki ya sa ta yi gum har Litinin, kafin nan an yi amfani da akwatinta an tura wa duk masu hulɗa da ofis ɗin saƙon neman kuɗi da sunanta, abin da da ta faɗa a ranar minti 10 ya isa a toshe. In ya faru da kai ka kira ICT nan take ko dare ne, ka faɗi gaskiyar abin da ka danna da abin da ka rubuta, ka cire kwamfutar daga netwok amma kar ka kashe ta kar ka goge komai, ka canza faswod daga wata na'urar, har da duk inda kake amfani da irinsa. In kuɗi ya fita banki za a fara kira kafin a kwashe, sannan a kai wa EFCC ko ngCERT, sashen gwamnati mai kula da kutsen intanet. Ku kuma shugabanni don Allah ku daina tsayar da wanda ya kawo kansa a gaban jama'a kuna masa faɗa, gobe ba wanda zai sake faɗa muku, ga shi dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, awa 72 kawai ma'aikata ke da su daga lokacin da ta sani ta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.