Yadda Ake Tsara Suturar Mashayin Jini Idan Za A Mayar Da Littafi Fim

Mashayin jini a labaran Turai gawa ce da ke tashi daga kabari da dare tana rayuwa da jinin masu rai, kuma duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara suturarsa a fim zai tarar cewa 'yan kallo sun riga sun zo da wata siffa a zukatansu: baƙar alkyabba mai tsayayyen wuya. Aikin farko shi ne ya ajiye wannan siffa gefe guda, ya koma ga littafin, ya rubuta duk wani wuri da marubuci ya ambaci tufafi, komai ƙanƙantarsa.

Wanda ya yi haka da littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, zai ga cewa abin da aka bayyana dogon tsoho ne mai farin gashin baki, sanye da baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, babu ɗigon wani launi a jikinsa. Tsayayyen wuyan alkyabbar nan ya samo asali ne daga wasan dandamali da Hamilton Deane ya shirya a Ingila a 1924, inda ake buƙatar ɗan wasa ya juya wa jama'a baya, wuyan ya rufe kansa, sannan ya sulale ta wata ƙofa da ke ƙasan dandamali, a ga kamar ya ɓace. Ɗan wasa Bela Lugosi ne ya shigar da alkyabbar cikin fim ɗin Dracula na 1931, tare da kwat mai jela irin ta manyan liyafa. Sanin wannan tarihi yana 'yantar da mai tsara sutura, domin zai gane cewa abin da ake ɗauka farilla dabarar dandamali ce kawai, yana iya ɗauka, yana iya bari.

Bayan haka sai a zauna da darakta a yanke shawara guda: shin wannan halitta ana so a guje ta ne tun daga nesa, ko kuwa ana so a buɗe mata ƙofa a yi mata maraba? A fim ɗin Nosferatu da aka yi a Jamus a 1922, mai tsara sutura Albin Grau ya sa wa Max Schreck, wanda ya fito a matsayin mashayin jinin, doguwar kwat matsattsiya mai jerin maɓallai, wadda ta ƙara masa tsawo da rama, ta bar dogayen faratansa a fili, har inuwarsa a bango ta wadatar wajen tsorata mai kallo. Lugosi kuwa an shirya shi ne kamar baƙon da kowane babban gida zai so ya karɓa. Duk yadin da za a saya da duk ɗinkin da za a yi suna rataye ne a kan wannan zaɓi, kuma wanda ya yi ƙoƙarin haɗa biyun a riga ɗaya yakan rasa duka.

A ganina, wurin da aikin ya fi buƙatar natsuwa shi ne batun zamani. Mashayin jini ya rayu ɗaruruwan shekaru, don haka ya kamata tufafinsa su nuna cewa ya wuce lokacinsa ko da bai buɗe baki ba. Hanya mafi kyau ita ce a bar masa wani abu guda daga zamanin da ya mutu, zobe ko yankan hannun riga ko irin ɗaurin wuya, a cusa shi cikin kayan zamanin da yake fakewa a ciki. Eiko Ishioka, 'yar ƙasar Japan da ta samu kyautar Oscar saboda suturar fim ɗin Francis Ford Coppola na 1992, ta raba rayuwar Dracula gida-gida: jan sulke mai kama da tsokar jikin da aka feɗe lokacin yana jarumin yaƙi, doguwar jar riga mai jan ƙasa lokacin yana tsoho a fadarsa, sannan kwat ruwan toka da doguwar hula da tabarau mai shuɗi sa'ad da ya shiga titunan Landan. Ba ta sa masa alkyabbar da aka saba ba, kuma babu wanda ya kasa gane shi. A fim ɗin Interview with the Vampire na 1994, mai tsara sutura Sandy Powell ta fuskanci matsala mafi wuya a kan Claudia, yarinyar da jikinta ya tsaya a ƙuruciya alhali hankalinta yana girma, kuma a nan tufafi ne ke ɗaukar nauyin nuna macen da ke kulle a jikin yarinya.

Yanayi ma hanya ce ta tona asirin gawa. A fim ɗin Let the Right One In na ƙasar Suwidin, na 2008, Eli, mashayiyar jinin, tana fitowa cikin dusar ƙanƙara da 'yar riga marar kauri, yayin da yaron da ke kusa da ita ya dunƙule cikin kayan sanyi.

Sai kuma abin da ya shafi kyamara. Baƙin yadi yana haɗiye haske, kuma tun da yawancin fitowar da dare ake ɗaukarta, riga baƙa ƙirin za ta narke cikin duhu ta zama dunƙule marar siffa. Maganin haka shi ne a haɗa baƙaƙe masu bambancin fuska, a sa siliki mai sheƙi kusa da ulu ko karan-miski, ko a yi amfani da shuɗi mai duhu sosai, sannan a gwada kowane yadi a ƙarƙashin fitilun da za a yi aiki da su kafin tela ya sa almakashi. A bar ja ya zama abu mai tsada a idon mai kallo, kada a watsa shi ko'ina, domin idan jini ya zuba ya samu wurin da zai yi magana. Saboda wannan dalili ne ake yawan sa wa wanda za a ciza fararen kaya masu buɗaɗɗen wuya, kuma dole a ɗinka irin rigar nan guda da yawa, tun da kowace maimaitawar ɗauka tana ɓata ɗaya.

Kafin ranar ɗauka, a ba ɗan wasa kayansa ya yi tafiya a cikinsu, ya hau matakala, ya kwanta a akwatin gawa ya tashi, domin a ga yadda yadin ke faɗuwa da inda yake harɗe ƙafa. Kayan da aka ce sun kwana a kabari kuma sai an tsufar da su da hannu: a goge gwiwar hannu da bakin aljihu da takarda mai kaushi, a dusashe rinin kafaɗa, a shafa ƙura a gindin riga inda take taɓa ƙasa.