In ka samu bizar Jamus, ga yadda za ka fara zama da mutanen

Ƴan uwa masu shirin tashi daga Kano zuwa Jamus, karatu ne ko aiki, in ka sauka ka fara da rajistar adireshi kafin ka shiga neman ƴan gida. Anmeldung suke ce mata, kwana 14 doka ta ba ka daga ranar da ka tare. Karɓi takardar shaida a wajen mai gidan haya, ka haɗa da fasfo ka je ofishin gari, amma fa ka kama rana ta intanet tun da wuri. In ba ka yi ba lambar haraji ba za ta zo ba.

Sai yare, kuma wallahi nan ne mutanenmu suke sakaci, wai ai suna jin turanci. Kai ɗan Kano ka fi kowa sanin wannan, dubi baƙon da ya iya Hausa a Kantin Kwari yadda ake ciniki da shi ana raha har a ba shi kaya bashi, toh haka abin yake a can. Akwai kwas na gwamnati, awa 600 na Jamusanci sai awa 100 na doka da tarihin ƙasar, ana so ka kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya yaren, kuma tun 2024 shekara 5 ta isa ka nemi zama ɗan ƙasa maimakon 8, ba sai ka ajiye koren fasfonka ba, amma sai da B1 ɗin nan. In da hali fara koyo tun kana gida.

Maƙwabta kuma, daga ƙarfe 10 na dare ba hayaniya, don haka kiran bidiyon nan da Hajiya ana ɗaga murya a rage. Lahadi shaguna a rufe suke, yi cefane tun Asabar, naman halal kuma nemi shagon Turkawa.

Masu iyali dan Allah ku ji da kyau, tun 2000 doka ta hana dukan yaro, ko mari ne, malamar makaranta tana iya kai ƙara hukumar kula da yara. Kai yaro makaranta ma dole ne.

Masallaci zai haɗa ka da Turkawa da Larabawa, yayi kyau, amma ka ƙara da kulob ɗin ƙwallo na unguwa, kuɗin wata kaɗan ne, a can za ka samu Bajamushen da zai gyara maka magana.